Sitiyarin Baba Sai-Gobe

A tashar jiragen ruwa ba wanda ya san mahaifina da ainihin sunansa. Sai-Gobe suke ce masa, daga masu gadin ƙofa har manyan kwastan masu tauraro a kafaɗa, kuma shi ya jawo wa kansa. Aikinsa fiton kaya ne. Ɗan kasuwa zai yi odar kaya daga waje, jirgi ya sauke, shi kuma Baba ya bi takardu ofis-ofis har kayan su fita ƙofa. Duk wanda ya bugo waya ya tambayi kayansa, amsar ɗaya ce, cikin murya mai sanyi kamar ana lallashin jariri: "Sai gobe, in Allah ya so." Mu ma a gida ba mu tsira ba. Takalmin makaranta, sai gobe. Rufin da ke yoyo, sai gobe. Inna takan ce da ana tara gobe a buhu, da mun fi kowa arziki a layinmu.

Ni ce babbar 'yarsa. Na gaji bakin Inna amma ban gaji haƙurinta ba, don haka in kun ji ina masa faɗa a cikin labarin nan, kada ku ɗauka ba na son sa. Ina son sa har abin na ba ni haushi.

Sauran masu fito motoci suke rububi, da yadi, da kayan lantarki, inda ake samu da sauri. Shi kuwa sai ya zaɓi kayan bututu: bawul-bawul na masana'antu, gwiwoyi, mahaɗai, ƙarafa masu nauyi waɗanda ba mai sha'awar ko kallonsu. Kwastan suna da wani ƙaton littafi, kowane kaya a duniya da lambarsa a ciki, kuma lambar ce ke faɗin harajin da za a biya da takardun da za a kawo. Gwiwar bututu in ta ƙarfen zubi ce lambarta daban, in ta tagulla ce daban, in ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce daban. In kuwa akwai wani abu a cikinta da ke buɗe ruwa ya rufe, to ta tashi daga gwiwa ta zama bawul, ta koma wani shafi can gaba. Su bawul ɗin ma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai mai rage ƙarfin ruwa, akwai mai hana shi komawa baya, akwai mai sakin tururi kada tukunya ta fashe. Wanda zai ɗauki matsi mai yawa kuma ba ya fita sai da shaidar kamfanin da ya ƙera shi, sai kuma hukumar duba inganci ta gwada shaidar da abin da ke rubuce a jikin ƙarfen, ta ga sun yi daidai.

Baba yana son wannan aiki yadda wasu ke son ƙwallo. Sai ya shigo kicin ya ƙwanƙwasa kan famfo da makullin mota, ya kasa kunne, ya ce, "Uwata, wannan a wane shafi yake?" Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Inna ta ce, "A shafin masu yoyo yake, Malam. Ka gyara shi ko ka ba mu wuri."

Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na sama, a wani bene da ke jingine da katangar tasha. Ta taga kana hango kwantenoni an ɗora wata kan wata, a ƙasa kuma manyan motoci ne a layi, injuna a kunne, hayaƙinsu na tasowa har cikin labulenmu. Bango kullum a jiƙe yake. Iskar gishiri ta cinye ƙarfen taga, takalmi in ya kwana biyu a lungu sai ya yi fumfuna. A wannan ɗakin Inna ta kamu da tari. Da farko na damina ne kawai, daga baya ya tare gaba ɗaya, har ya zama in tana hawa bene sai ta zauna a rabin hanya, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce magani ba zai yi komai ba muddin wannan iskar take shaƙa, sai dai ta bar bakin ruwa.

Da ɗan abin da suka tara suka gina ƙaramin gida can cikin ƙasa, a kan tudu, tafiyar yini a mota, inda iska take a bushe. Saura abu ɗaya, Baba ya mayar da lasisinsa. Ƙa'idar kuwa ita ce, ba a karɓar lasisin mai fito matuƙar akwai kaya ko guda da ke buɗe da sunansa. In ya gudu ya bar kayan, ko aka kama shi da laifi, wanda ya tsaya masa za a riƙe. Wanda ya tsaya wa Baba tun farkon aikinsa Kawu ne, yayan Inna, mai shagon taya. Ya sa hannu ya jingina takardar shagonsa bai karanta ko layi ɗaya ba. Cewa ya yi, "Mijin ƙanwata ne, me zan karanta?"

Ana cikin haɗa kaya sai ga wani mai kamfanin ƙanƙara da takardun wani bawul guda da ya riga ya iso tasha.

Inna tana naɗe labule ta ce, "Malam, ka bar wa wani."

"Aikin 'yan kwanaki ne. Mutumin nan tun yana da injin ɗaya nake masa fito, ba zan juya masa baya a kan akwati guda ba. Ki yi gaba ki share mana gida. Kafin ki gama jera kwanoni na iso."

Ta hau gaban motar kaya ta tafi. Aka bar masa tsohon gado, da kujera ɗaya, da butar shayi. Ni a lokacin na yi aure, ina ɗinki a wani shago bayan layin, aka ce in riƙa leƙa shi kafin ya tashi.

Bawul ɗin ƙato ne, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A samansa akwai wani zagayayyen ƙarfe da ake murɗawa a buɗe ko a rufe, wanda 'yan tasha ke kira sitiyari don ya yi kama da na babbar mota. A tsakiyar sitiyarin an manna ɗan allon tagulla, a kansa aka buga sunan kamfani, da irin ƙarfen, da matsin da zai iya ɗauka, da lambarsa. Wannan ɗan allon shi ne bakin bawul. In babu shi, ƙarfe ne kurum wanda ba ya iya faɗin ko shi wane ne.

To, masu fito na wancan lokaci suna da wata ɗabi'a. A cikin sito akwai ɓeraye masu ƙafa biyu, waɗanda ba sa ganin tagulla su bar ta. Don haka da zarar kwastan ya gama duba kaya, sai mai fito ya kwance duk abin da hannu zai iya ɗauka, ya kai gida ya ajiye, ranar da kaya suka fita ya miƙa wa mai su a waje. Kowa ya san ana yi, masu gadi ma sun sani. Ba sata ba ce, tsaron amana ne, sai dai ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ranar da aka sa za a duba bawul ɗin Baba, an fasa akwati, an jira, jami'in bai zo ba. Jan Biro suke ce masa, don ba ya rubutu da wani biron. Ya aiko a ce sai gobe. Akwati ga shi a buɗe, ga allon tagulla yana ƙyalli, ga kuma akwatin da ke kusa an yashe shi tas a safiyar nan. Baba ya ɗauko sifana ya kwance noti, ya cire sitiyarin, ya sa a but ɗin motarsa ya rufa masa tabarma. A ƙofa Dogo mai gadi ya ɗaga masa hannu kamar kullum. Niyyarsa ya dawo da shi da sassafe ya ɗaura kafin a zo dubawa.

An daɗe ana sanarwa cewa wani sabon kamfani zai karɓi ragamar tashar, an daɗe ɗin har kunne ya daina ji. Washegari Baba ya iso ya tarar da ƙofar da ya sani ba ita ba ce. An hana motocin gida shiga. Kowa a ƙafa, ta wata siririyar hanya mai shinge, jaka kuma sai ta bi ta cikin na'urar haska kaya. Babu Dogo, babu kowa da ya sani. A gaban idonsa aka tisa ƙeyar wasu masu fito biyu da aka samu da 'yan ƙarafa a jaka, aka ce fasa-ƙwauri ne, da su za a nuna misali. Ya bar sitiyarin a mota ya shiga hannu biyu. Jan Biro kuwa, mutumin da a tarihinsa bai taɓa zuwa ranar da ya ce zai zo ba, ranar nan sai ga shi da sassafe, riga a goge, sababbin iyayen gida na biye da shi.

Ya leƙa akwati ya ce, "Sai-Gobe, ina sitiyarin?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya dai yana nan."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, kuma a kan wannan 'yar maganar ya tsufa. Jan Biro ya rubuta cewa an sace sitiyari da allonsa a cikin sito, a buɗe bincike. Aka ɗauki hoto, aka mayar da murfi, aka ɗaure akwati da waya aka buga hatimi.

Daga nan aka shiga zagaye. Ofishin ba da lamba suka ce ba za su iya sa shi a kowane shafi ba sai sun san irin ƙarfen da irin aikin da yake yi. Hukumar inganci ta ce shaidar kamfani na nan lafiya lau, amma da me za ta gwada ta, tunda ƙarfen ba shi da lamba a jiki? Ɗakin gwaji suka ce su kam za su iya gano ƙarfen, sai dai a yanko musu ɓallin jikinsa. Mai ƙanƙara ya yi tsalle ya dire, ya ce bawul ɗin da aka yanka ai ya zama turmi. Aka rubuta wa waɗanda suka ƙera shi, suka ce sitiyari za su iya aiko da sabo, amma allo ba sa buga shi sau biyu. Mai ƙanƙara ya gaji ya yi odar wani ta hannun wani mai fiton, ya daina ɗaga waya, daga baya ma ya sayar da kamfanin ya bar garin. Baba ya roƙa a yi gwanjon akwatin kowa ya huta. Aka ce ba a gwanjon kayan da ke ƙarƙashin bincike. Masu bincike kuma suka ce suna jiran ofishin ba da lamba ya gaya musu darajar abin da aka sace.

Ni ban san komai ba sai ranar da na je masa shara, tsintsiyata ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Na durƙusa na jawo shi da ƙyar, a naɗe cikin tsohon zanen Inna. Baba na zaune a kujera yana shan shayi. Bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, ya ba ni labarin tun daga sifana har hatimi.

Na ce, "Baba, ka jefa shi ta kan katanga mana. Ga ta nan a bakin tagarmu."

"Da kyamara a kowace kusurwa? To ki ce ya faɗa ciki lafiya. Akwati a ɗaure yake, hotonsa na cikin fayil babu sitiyari. In aka wayi gari aka gan shi, wa za a fara tambaya?"

"To ka jefa shi a teku, mu san ya ɓata da gaske."

Ya dube ni kamar na ce ya jefa jikansa. "Kayan mutane, Uwata?"

"Mutumin da ya manta da kai? To ka je ka faɗi gaskiya. Ka ce tsoron ɓarayi ya sa. Ai kowa ya san ana yi."

"Waɗanda suka san ana yi duk an sallame su. Ni a kulle ni ba komai, na ga jiya na ga yau. Kawunki fa? Da 'ya'yansa da matarsa duk a shagon nan suke ci. In je in ce masa garin tsaron tagullar wani na cinye masa shago?"

Na zauna a bakin gado na kalli ƙarfen nan, an shafa masa mai, allonsa na walƙiya, ya fi duk abin da ke ɗakin samun kulawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu ko mugu ɗaya a cikin labarin da zan zaga in huce. Na tambaye shi ko Inna ta sani. Ya ce tun ranar farko ya gaya mata a waya, kuma ita ce ta ce kada ya kuskura ya buɗe baki.

Haka sitiyarin nan ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sunansa ya fito da jan layi a kwamfutar kwastan, manyan 'yan kasuwa suka janye, sai 'yan ƙananan ayyuka da ba su fi a ci abinci ba. Amma kowace safiya zai goge riga, ya ɗauki jakarsa, ya bi siririyar hanyar nan ya je ya zauna a benci a barandar ofishin ba da lamba. Na taɓa raka shi sau ɗaya, ban ƙara ba. Baranda ce doguwa marar taga, fanka ɗaya na juyawa da ƙara, bango ya yi baƙi daidai inda kawunan masu jira ke jingina. Baba ya san wurinsa a bencin, ya san ƙafar da ke rawa, har takarda yake naɗewa ya tokare ta. Jan Biro ya yi ritaya, aka kawo wani, aka ɗauke shi aka kawo wata. Kowane sabo sai ya buɗe fayil daga shafin farko, ya karanta, ya ce lallai wannan magana tana da sarƙaƙiya, a ba shi lokaci. In Baba ya tashi daga benci sai ya biya ta sito ya duba akwatin, ya kaɗe masa ƙura da hankici, ya taɓa hatimin ya ga yana nan.

Kawu kuwa bai san dawan garin ba. In sun haɗu sai ya daki kafaɗar Baba yana dariya ya ce, "Kai har yanzu ba ka gaji da warin kifi ba? Ka bar mini ƙanwa ita kaɗai a kan dutse. Kai dai kada ka sa a yi gwanjon tayoyina!" Baba ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba ya ce, "Haba Yaya, ai an kusa."

Can kan tudu Inna ta warke kamar ba ita ba. Na je na gan ta da idona. Kumatunta sun ciko, tana hawa gangare da bokiti ba ta ko tsayawa, ta dasa lemo a tsakar gida, ta tara kaji. Ta jera kwanonin tun tuni. Ta ware wa Baba ɗaki mai taga ta gabas, ta sa masa kujera a inda rana ke faɗowa. Yakan je ya kwana biyu, amma hankalinsa na kan benci, kada a kira sunansa ba ya nan a rubuta cewa ya gudu. Kowace yamma za ta kira shi, su yi hirar kaji da farashin kananzir, a ƙarshe ta ce, "To Malam, yaushe?" Ya ce, "Sai gobe, in Allah ya so." Lemon nan ya girma ya yi 'ya'ya, ta riƙa aiko masa da su a kwali.

Wata rana jiri ya ɗebe shi a kan bene, ya faɗi ya fasa goshi. Hawan jini ne. Na kai shi asibiti, na kira Inna don kada ta ji a bakin wani. Kafin a sallame shi ta iso da jaka ɗaya, ta ce za ta yi jinyarsa na 'yan kwanaki. Ya warke, ya koma bencinsa, ita kuma ba ta ɗauki jakar ba. Na ga ta sayo labule ta rataya, na san akwai magana.

Na ce, "Inna, kin manta abin da likita ya ce?"

"Ban manta ba."

"To me kike yi a nan? Ni ba ga ni ba? Zan riƙa dafa masa, zan riƙa duba shi. Ki koma."

Ta ce, "Ke kin san yadda ake cin abinci a gaban kujerar da ba kowa? Lafiyar da zan ci ni kaɗai, na ƙoshi da ita. Na ba maƙwabciya kajin. Ki miƙo mini waccan ƙusar."

Na yi faɗa, na yi kuka, na juya kan Baba na ce masa shi ne zai kashe ta da ƙarfensa. Shi ma ya roƙe ta, har cewa ya yi zai je ya tona kansa a huta. Ta ce in ya yi haka ba ta yafe ba, don ba za ta zauna a kan tudu tana shan iska mijinta na kurkuku yayanta na yawon neman abinci ba. Gaba kura baya sayaki, su biyun suka zauna a tsakiya suna shan shayi.

Tarin bai yi wata-wata ba, ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Inna ta daina sauka ƙasa, daga baya ta daina zuwa kicin. Ƙarshe likita ya rubuta mata tukunyar iska, doguwar tukunyar ƙarfe mai siririn tiyo da ake saƙala mata a hanci, wadda ake kaiwa babban asibitin bakin tasha a cika in ta ƙare. Ya kuma gaya mana a baranda, ni da Baba, cewa maganar doguwar tafiya ta wuce. Ƙirjin ba zai ɗauki hanyar ba, can kan tudu kuma babu inda ake cika tukunyar. Tukunyar ba ta da gindin kirki, sau ɗaya hannun Inna ya ture ta ta faɗi har maƙwabta suka rugo. Inna ce ta ce a jawo wancan abin na ƙarƙashin gado, ko ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa. Baba ya kwantar da sitiyarin a ƙasa, ya tsayar da tukunyar a tsakanin hannayen sitiyarin, ya ɗaure da igiya. Ta zauna daram kamar don ita aka ƙera shi.

Yadda abin ya ƙare kuwa har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu. Kamfanin tasha ya buƙaci filin tsohon siton don ya shimfiɗa wa kwantenoni. Aka ba da umarni daga sama a kwashe duk tsofaffin kayan da ke ciki a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, a rufe fayilolinsu. Baba na zaune a bencinsa da hantsi wata matashiyar jami'a ta leƙo ta kira shi. A gabanta fayiloli ne tuli, tana buga musu hatimi ɗaya bayan ɗaya ba ta ko buɗewa.

Ta ce, "Baba, sa hannu a nan. An rufe."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, binciken fa?"

"Wane bincike?"

"Na sitiyari. Kuma ba a ba shi lamba ba tukuna."

Ta ce, "Tsohon ƙarfe ai lambarsa ɗaya ce. Sa hannu, Baba, akwai mutane a bayanka."

Ya sa hannu. Ya biya ta sito ya tarar ƙugiya ta riga ta ɗaga akwatin. Katakon ya ruɓe, gindin ya zube, bawul ɗin ya faɗo cikin motar tsohon ƙarfe a kan wasu karyayyun injuna. Ba wanda ya waiwaya. A ranar ya mayar da lasisinsa, aka miƙo masa takardar shagon Kawu a cikin ambulan. Ya kai masa har shago. Kawu ya juya ta ya ce, "Au, ashe tana wurinsu? Ni ai na manta da ita," ya jefa a aljihun tebur ya ci gaba da ciniki.

Ina gidan lokacin da ya shigo, da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba a ranar aiki. Inna na jingine da matasai, tiyo a hanci. Ya ajiye jakarsa a bayan ƙofa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar baƙo.

Ya ce, "Ya fita."

Ta ce, "Wa?"

"Akwatin. An rufe fayil. Na mayar da lasisi, na kai wa Yaya takardarsa."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta san abin da likita ya faɗa a baranda, ko da yake ba wanda ya gaya mata, don Inna ba a iya yi mata ɓoyo. Ta yi ɗan murmushi, ta jira numfashi ya taru, ta ce, "Alhamdu lillahi. To Malam, yaushe?"

Baba ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya motsa, amma ba abin da ya fito. Mutumin da ya faɗi kalmar nan ga 'yan kasuwa da masu gadi da 'ya'yansa har ta zama sunansa, ranar nan ta ƙi fitowa.

Ta ce, "Ka faɗa mana. Na saba da ita."

Bai faɗa ba. Ya durƙusa a gaban gadon, gwiwarsa a kan sitiyarin, ya duba agogon tukunyar, ya kama ɗan bawul ɗin da ke wuyanta ya murɗa kaɗan don iskar ta ƙaru. Inna ta ɗora hannu a kansa. A ƙasa manyan motoci na ta danna ham, layi ya motsa. Ni kuwa na ɗauki butar shayi na shiga kicin kamar zan ɗebo ruwa, na tsaya a bakin famfon nan mai yoyo na yi kukana.